Wadda Take Sa Gishiri

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kowa da ranar da aka rubuta masa. Ta Goggo ta zo da hantsi, a wani ɗakin likita a nan Yamai, ina zaune a gefen gadonta ina ɓare mata lemun da ba za ta sha ba. Goggo yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni riƙo tun ban san dama da hagu ba, a gidanta na unguwar Maourey na girma, daga can kuma aka kai ni ɗakin miji. Da aka ja mata zane ban yi kuka ba. Na fita baranda da salula a hannu don in sanar da mutane, sai na tsaya cak, domin ban san wa ake fara kira ba. Duk mutuwar da aka taɓa yi a cikinmu, Goggo ce take sanarwa.

Labari dai bai jira ni ba. Kafin mu iso da ita ƙofar gidan ta cika, maƙwabtanmu Zabarmawa suna shigowa da “fonda tilas”, gaisuwarsu ta ta’aziyya, namu suna yi wa juna sannu da haƙuri. Mahaucin da ta yi shekaru tana yi wa tsiya a kan yawan ƙashi ya zo da rigar aikinsa, ya ce wa Baba yau kam ya huta da faɗa, bai kai ƙarshen maganar ba muryarsa ta karye. Direban taksin da ya saba kwasar tukwanenta ya bar motarsa a tsakiyar hanya, ya zauna a dakali ya ja hula ya rufe fuska, masu babura suna ta yi masa oda bai ɗago ba. Baba kuwa, ƙaninta, da furfurarsa da komai, da aka tambaye shi inda za a kafa rumfar maza sai ya ce a tambayi Yaya. Can an jima aka zo masa da maganar tabarmi, ya sake cewa a tambayi Yaya, sannan ya tashi ya shige ɗaki.

Amma waɗanda suka fi tayar mini da hankali ranar su ne matan tukunya. Haka muke kiran kanmu. Mata ne ’yan asalin Adar, waɗanda aure ko kasuwancin iyaye ya kawo Yamai. Goggo da ƙawarta, wadda duk muke kira Iya, su suka fara abin tun suna amare a Maourey, ba uwa ba ƙanwa a garin, ba kuma su jin Zabarmanci. Ƙa’idar ba ta da wuya: in aka yi haihuwa ko aure ko rasuwa a gidan ɗayarmu, sauran su zo da tukwane da itace su dafa wa baƙinta, ita kuwa ko ludayi ba ta taɓawa. Daga mata kaɗan abin ya yi ta girma, ’ya’ya suka shigo, surukai suka shigo, gari ya buɗe, rabinmu muka koma unguwar Bobiel inda fili yake. Ni ma can nake, da shagon ɗinkina.

A cikin wannan taro na hannuwa, hannu ɗaya ne kawai yake sa gishiri. In an jera tukwane, miya ta fara tafasa, sai Goggo ta ɗauko ’yar ƙwaryarta ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta barbaɗa, ta juya, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa, ta wuce. An ce tun farko wata miyar suna ce ta lalace saboda kowa ta zo wucewa sai ta ƙara, shi ya sa aka bar wa mutum ɗaya. Amma ni tun da na yi wayo abin ya wuce maganar miya. Wadda take sa gishiri ita ce uwar tukunya, kuma ban taɓa ganin an zauna an zaɓe ta ba.

To, ranar jana’izarta matan suka iso, suka hura wuta ba tare da an ce musu ba, suka dafa shinkafa mai kyau a ido. Aka fitar wa maza bayan an dawo daga maƙabarta. Na ga suna kai loma suna kallon juna, suna ci a hankali kamar masu shan magani. Babu gishiri ko ƙwaya. Kowace mace ta yi aikinta ta koma gefe tana jiran a zo da ƙwarya. Wani dattijo Bazabarme, mutumin kirki, ya ja Baba gefe ya tambaye shi cikin ladabi ko al’adar Adarawa ce a ci lami ranar makoki. Baba ya ce masa eh, don ya rasa ta cewa.

Ranar sadakar uku abin ya juya. Iya ta ga ita ce babba, ita ta kafa wannan abu tare da mamaciya, sai ta bi tukwane ta sa gishiri lokacin da ƙanana suka tafi ɗauko farantai. Tanti kuma, ’yar ɗakin Goggo, wadda matan Bobiel duka suke bayanta, ta jira Iya ta shiga alwala, ita ma ta bi ta sa nata. Babu wadda ta gaya wa wata, waɗanda suka gani kuma suka ja bakinsu. Abincin nan ko akuya ba ta ci ba. A gidan Goggo, a sadakar Goggo, sai da aka aika aka sayo burodi aka raba wa malamai. Na shiga bayan ɗaki na yi kukan da ban yi a likita ba, kuma rabinsa na haushi ne.

Tun daga ranar ban samu zama ba. In na hau keken ɗinki sai in tashi, in na tashi sai in rasa abin da na tashi yi. Na ɗinka wa wata hannun riga a baibai. Mutane kuma sun fara mayar da labarin gishirin abin dariya a wajen biki, wasu kuma sun fara mayar da Goggo waliyyiya wadda ba ta taɓa ɓata wa kowa ba. Duka biyun ba ita ba ce, shi ya sa na ce bari in faɗi wadda na sani.

Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, kullum da goro a kunci da gyale ɗaure a ƙugu. Ba ta zama a wajen aiki. In kin ga Goggo a kan kujera to ana sallah ne ta gama tata. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka “Uwata” take kirana, kuma da wannan sunan take yi mini tsiya. Takan ce uwarta ta gaskiya ta iya tuƙa tuwon mutum ɗari, wannan ta biyun kuwa Allah ya ba ta hannun almakashi. Shekara da shekaru a wajen yankan albasa ta bar ni, ni kuma ban taɓa neman ƙarin girma ba.

Rabon aikinta shi ne abin kallo. Ba ta duba wadda ta fi iyawa, halin mutum take dubawa. Mai surutu takan tura ta can bakin ƙofa wajen gyaran kayan miya, nesa da ɗakin masu makoki. Mai son a gan ta takan ba ta rabon nama, inda kowa zai zo ya roƙe ta. Wadda ta shigo da fuska a kumbure, an yi faɗa da miji ko ɗa ya ƙi ji, ba ta tambayarta komai, sai ta ce ta je ta kula da wuta. Na daɗe kafin in gane dalili. A wajen wuta kowa idonsa ruwa yake yi, babu mai tambayar wata me ya same ta.

In kuwa biyu suka yi faɗa, ba ta zaunar da su ta ji ta bakin kowa. Tana jira sai babbar tukunya ta nuna, wadda mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa, sai ta kira su biyun da suna a gaban kowa, ta miƙa wa kowace tsumma. Wannan ta kama kunne ɗaya, waccan ta kama ɗayan. Na taɓa jin wata ta ce ita fa ba ta magana da wance. Goggo ta tofar da goro ta ce:

“Ni ban ce ku shirya ba. Na ce ku sauke tukunya.”

Suka sauke. Dole wannan ta ce a hankali, waccan ta ce ɗaga naki gefen, don in ɗaya ta saki ƙafafun duka biyu ne za su sha. Ba kullum suke shiryawa ba, kada in yi ƙarya. Amma an yi magana, kuma an ci abinci a kan lokaci.

Faɗanta mafi tsawo da Tanti ta yi shi, kuma a kan salula ne. Tanti haifaffiyar Yamai ce, ta yi lakwal, wato karatun boko, ta yi aikin gwamnati, tana tuƙa motarta da kanta. Tun tana budurwa Goggo ta ja ta a jiki, ita ta yi mata wankan jegon fari. Tanti ce ta kawo mana murhun gaz lokacin da itace ya fara wuya, Goggo ta yi ta ƙunƙuni sannan ta yarda. Amma da Tanti ta ce a buɗe rukuni a salula, yadda saƙo ɗaya zai isa ga kowa a lokaci guda, sai Goggo ta kafe. Ta ce mutuwa ba tallar sabulu ba ce da za a watsa wa jama’a. Ta ce akwai wadda in za a gaya mata rasuwa sai an fara tambayarta ko ta karya, akwai wadda sai an bi ta wajen mijinta, akwai wadda in ta ji an riga an gaya wa wance kafin ita to ba za ta zo ba. Salula ta san wannan? Tanti ta ce to ranar da Goggo ba ta da lafiya fa? Goggo ta ce ranar ta zo tukuna. Suka yi wata da watanni ana gaisuwa sama-sama. A ƙarshe matan Bobiel suka buɗe rukuninsu a ɓoye, Goggo ta sani ta yi kamar ba ta sani ba, ta ci gaba da kiran kowa da bakinta, har da su.

Gaskiya ne ta san mu ɗaya-ɗaya fiye da yadda muka san juna. Nan ne ƙarfinta, nan ne kuma abin da yake hana ni barci. Kowace a cikinmu da Goggo take ɗaure. Akwai matan da muka yi shekaru muna yanka albasa gefe da gefe, ban san ƙofar gidansu ba, domin ban taɓa bukatar sani ba. Goggo za ta kira ta ce gobe gidan wance, taksi zai biyo.

Iya ma ta sha nata. Wata rana a wajen wani aure Goggo ta ɗiga miya a tafin Tanti ta ce ta ɗanɗana mata, bakinta ba daɗi yau. Abin da ya faru ke nan, ba ƙari. Iya ta naɗe tabarmarta ta tafi gida, damina guda ba ta sake zuwa aiki ba. Goggo ta bi ta har ɗaki, da ni a bayanta ina riƙe da jaka, na ji da kunnena tana ce mata ita ce ƙashin bayanta, in ba Iya babu tukunya. Bayan ’yan kwanaki kuma, a motar Tanti, na ji ta tana ce wa Tanti ita ce idonta, ita za ta ga abin da su tsofaffi ba za su gani ba. Ban ce ƙarya ta yi wa ɗayarsu ba. Amma kowace ta tafi da tata maganar ta adana, tana jiran ranar da za ta fito da ita.

Da ciwon sukari ya kwantar da ita a likita, na ga inda abin ya dosa. Wata safiya bayan na goge mata jiki na daure na tambaye ta.

“Goggo, in Allah ya yi ikonsa, wa za ta riƙi ƙwaryar?”

Ta harare ni. “Uwata, korata kike yi?”

Na ce ba korarta nake ba, tsoro nake ji. Ta mayar da ido kan silin. Sannan ta ce:

“In na hwaɗi suna yau, gobe rabinsu sun tashi, ina ji ina gani. Ni ba ni iya ganin wannan. Su bari sai na tahi.”

“To bayan kin tafi fa?”

“Bayan na tahi ba ni gani.”

Ta juya fuska bango. Matar da ba ta jin tsoron mahauci ko ɗan sanda ko surukin kowa, ashe akwai abin da take tsoro. Na ji tausayinta har cikin raina, kuma har yau ina jin haushin amsar nan. Ta san za a tashi. Ta zaɓi kada ta gani, ta bar mana mu gani.

Bayan abin kunyar sadakar uku, kowace ta neme ni, tun da ni ce na yi jinya. Iya ta aiko a kira ni, ta rufe ƙofa, ta ce in ji tsoron Allah in faɗa mata abin da ’yar’uwarta ta ce a ƙarshe. Tanti ta zo shagona da kanta, ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki ta ce, “Bon, ke kina wurin. Ba wai ina so ba ne, amma a san gaskiya.” Na gaya wa kowace abu ɗaya: ba ta ambaci kowa ba. Iya ta ce ai dama, wanda ya koma Bobiel ya koma. Tanti ta ce ta gane, ’yar Maourey ba ta ba da Maourey. Na dawo gida ba ni da kowa a cikinsu. Baba kuma da ya ji ana maganar ƙwarya, ya kulle ɗakin Goggo ya sa makullin a aljihu.

Sadakar bakwai ta yi kyau, kuma ita ta fi ba ni tsoro. Iya da tsofaffi suka dafa a tsakar gidan Goggo. Tanti da nata suka dafa a Bobiel suka kawo a mota cikin manyan robobi masu murfi. Kowane gishirinsa daidai. Baƙi suka ci nan suka ci can, suna sa albarka, suna cewa ai Hajiya ta bar baya mai kyau. Babu wadda ta yi faɗa da wata, domin babu wadda ta yi wa wata magana. Da aka tashi, kowane ɓangare ya kwashe tukwanen da yake ganin nasa ne. Na ji wata ’yar Bobiel tana cewa ai haka ma ya fi sauƙi, kowa ya yi na kusa da shi. Na so in yarda da ita.

Ana saura kwanaki a yi arba’in, direban taksin nan ya tsaya a ƙofar shagona da safe. Bai ko kashe mota ba. Ya ce jiya ya kai wasu gaisuwa Tondibia, gidan mai lambun nan da ya rasu, ya duba bai ga tukwanenmu ba, shin lafiya? Na ce wane mai lambu? Ya ce mijin ’yar’uwarku mana, yau ma sadakar uku.

Ita wannan baiwar Allah, da muke kira ta Tondibia, Goggo ce ta tsinto ta. A kasuwa ta ji wata mai tallar salati tana ciniki da harshen ƙauyen Adar, ta tsaya ta tambaye ta ɗiyar wa ce. Ta tarar ba ta da kowa a Yamai sai miji, shi kuma lambu yake yi wa wani a bakin kogi. Goggo ta kawo ta cikinmu. Mata suka yi ta gunaguni, ba ta da tukunyar da za ta kawo, ga nisa, wa zai riƙa zuwa Tondibia? Goggo ta ce ita za ta riƙa zuwa, wadda ƙafarta ta fi tata tsufa ta zauna. Da matar ta haihu cikin damina, Goggo ta kwashe mu duka. Mota ta kafe a laka tun kafin gari, muka sauka muka ɗora tukwane a ka, Goggo a gaba da zane a gwiwa tana zagin direba. Mutanen garin suka fito suna kallo. Ranar na ga mai jego tana nuna mu ga maƙwabtanta ɗaya-ɗaya tana cewa ’yan’uwanta ne. Tun daga lokacin babu aikin da ta taɓa rasawa, ko a ina yake, ita ce ta farkon zuwa bayan Goggo.

Na rufe shago na nufi gidan Tanti. Ta ce ta ji ƙishin-ƙishin, amma matar ba ta cikin rukunin salula, salularta ba irin wannan ba ce, kuma ai tsohuwar shiga ce, ta ɗauka su Iya sun je. Na ce ta tashi. Muka biya Maourey. Iya ta ce an aiko mata tun ranar, amma Tondibia ai masu mota ne suke kusa da ita, ta ɗauka ’yan Bobiel sun je. Na tambaye ta me ya hana ta kira ta ji. Ta ce ita za ta kira yarinya? Ban san lokacin da na ɗaga wa Iya murya ba, abin da ban taɓa yi ba. Ta dube ni, ta dubi Tanti da ke tsaye a bakin ƙofa ta ƙi shigowa, sannan ta jawo mayafinta.

A mota ɗaya muka tafi, Iya a baya, ni a gaba, taksi yana biye da tukwane da buhun shinkafa da ’yan matan da muka iya tarawa. Ni ina ta lissafin abin da za a fara ɗorawa, ina cewa a raina in an yi sauri za a iya fitar da abinci kafin la’asar.

Muka tarar an watse. An yi addu’a tun da safe, an ci, maza sun koma lambu. A tsakar gidan ga murhu ya mutu, ga tukwanen da ba namu ba jingine da bango, da tarin kwanoni. Wasu matan Zabarmawa suna naɗe tabarmi, suka yi mana maraba da fara’a, suka nuna mana ɗaki. Tana zaune a ƙasa cikin kayan takaba, ta rame. Muka durƙusa muka yi gaisuwa. Iya ta fara cewa ga tukwane nan a waje, yanzu-yanzu za a ɗora. Matar ta ce a bar su a mota, maƙwabta sun yi komai tun ranar farko. Ta sa aka kawo mana dambu da kopto, irin kwaɗon zogalen Zabarmawa, ta ce mu ci, mun sha hanya. Muka ci, don babu yadda za a ƙi.

Tanti ta buɗe baki za ta yi bayani, ta fara da maganar salula. Matar ta girgiza kai. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma dube mu ba, tabarma take kallo.

“Tanti, bari. Iya, ku yi haƙuri da abin da za ni hwaɗi. Ranar da anka yi rasuwar ga, matan garin nan sun zo za su ɗora tukunya, na ce su dakata, ’yan’uwana na tahe. Har azahar ina ce musu suna tahe. Duk shekarun ga ina hwaɗa ma mutane ina da dangi cike da Yamai. Ashe tsohuwa guda gare ni, ta kuwa tahi.”

Iya ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta fita. Na ɗauka mota ta nufa. Da na leƙa sai na gan ta ta jawo wata ’yar kujera gaban tukwanen maƙwabta, ta naɗe hannun riga, ta debi toka da soso ta fara kankare baƙin gindin babbar. Matan gidan suka taso suna cewa haba Hajiya, ta ƙi saki. Mun zo a matsayin masu dafa wa dangi, aikin da ya rage a gidan ke nan. Tanti ta tsaya a bakin ƙofa cikin shaddarta mai tsada tana kallo. Can ta cire agogo ta ba ni, ta ɗauki bokiti ta nufi randa. Ta dawo ta tsuguna tana zuba ruwa Iya tana cuɗawa, in Iya ta ce ƙara ta ƙara, in ta ce isa ta tsaya. Sauran muka raba kwanoni.

Ban ce sun shirya ba. A hanyar dawowa Tanti ta tambayi inda za a dafa na arba’in ɗin Goggo, Iya ta ce a bari tukuna a ga gobe. Har yanzu da nake wannan rubutu ban san ko matan tukunya za su kai baɗi ba, kuma ta Tondibia ba ta ce za ta dawo cikinmu ba. In ta ƙi, ba ni da bakin ba ta haƙuri.

Allah ya jiƙan Goggo, ya haskaka kabarinta, ya ciyar da ita kamar yadda ta ciyar da baƙin mutane. Ya saka mata da abin da ta haɗa, ya yafe mata abin da ta riƙe ita kaɗai har ta tafi da shi. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa mu san ƙofar gidan juna. Kafin mu baro Tondibia na koma ɗakin na karɓi lambar matar, na tambayi sunan ’ya’yanta, domin sai ranar na lura ban san ko ɗaya ba.